Doki bai san kulle ba

Assalamu alaikum jama'a. Mutane sun yi ta tambayata a WhatsApp wai har yanzu muna nan ko mun watse, musamman 'yan uwa na Gadarif da Kasala da waɗanda ke Jidda da suka taɓa aiko mana da taimako, to na ga gara in zauna in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Muna nan alhamdulillahi, sai dai aikin ya canza sosai daga yadda kuka san shi kafin 2020, kuma ina so in faɗi yadda aka yi ya canza.

Ga wanda bai san mu ba, ƙaramar ƙungiya ce ta sa-kai, muna da ɗan fili a cikin wata gona a gabashin Nilu wajen Khartum, muna ɗora yara masu larura a kan doki. Mafi yawansu yaran da ƙwaƙwalwa ta samu rauni wajen haihuwa ne jiki ya sandare, wanda likitocinmu ke rubutawa shalal dimagi, sai masu otizim, wato larurar da ke wahalar da yaro wajen magana da cuɗanya da mutane, da masu larurar Dawun, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta girmansa da koyonsa, da 'yan kaɗan da shan inna ta taɓa. Ba ma karɓar ko sisi a hannun iyaye. Kuma kullum ina gaya musu tun ranar farko cewa doki baya warkar da kowa, ban taɓa ganin yaron da ya sauko daga doki ya miƙe da gudu ba, wanda ya ce muku haka yaudararku yake. Abin da doki ke yi shi ne idan yana tafiyar takama bayansa na motsa ƙugun yaro gaba da baya, hagu da dama, yana ɗan juya shi, kusan yadda ƙugun mutum ke yi in yana tafiya da ƙafarsa. Doki na yin taku wajen 100 a minti ɗaya, kun ga a rabin awa jikin yaron da bai taɓa tafiya ba ya samu wannan motsin sau dubbai, kuma a kowane taku dole bayansa da wuyansa da cikinsa su yi aiki don kar ya karkace. Babu hannun mai gashin ƙashi da zai iya wannan komai ƙwarewarsa. Shi ya sa ma yawanci ba ma sa sirdi, bargo ne mara kauri da majayi mai mariƙi, don ɗumin jikin dokin ya ratsa cinyoyin da suka ɗaure su ɗan saki. Akwai yaran da ba ma ɗorawa sam, mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ba, wanda ƙugunsa ya goce, da mai Dawun da ba a ɗauki hoton wuyansa likita ya duba ba.

Abin ba mu muka ƙirƙiro ba. Wata mata 'yar Denmak, Lis Hartel, shan inna ta shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa amma ta ci lambar azurfa a gasar dawaki ta Olamfik a Helsinki a 1952, daga nan likitocin Turai suka fara kallon doki da wani ido, zuwa 1969 an kafa manyan ƙungiyoyin wannan aiki a Ingila da Amurka. Mu dai namu sanin dokin gado ne. Dattijon da ke riƙe mana barga, wanda duk muke ce wa Baba, mutumin garin Maiwurno ne a nan Sudan, jikan waɗanda suka biyo hanyar gabas daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, kuma har yau da launi yake kiran dawakin, Akawal, Kili, Danda, Gunya. Dawakinmu ba na tsere ba ne irin na garin Niyala, tsofaffin dawakin karo ne, wato amalanke, da suka gama jan kaya a kasuwa, sun ga babbar mota sun ji hon sun ji ihun yara, ba abin da ke firgita su, Baba ne ya dage a kan haka tun farko kuma gaskiyarsa ne.

To ga inda korona ta same mu a wuya. Yaro ɗaya a kan doki mutum uku yake buƙata, ɗaya ya ja ragama, biyu su bi ta gefe da gefe hannunsu a kan cinyarsa ko idon sawunsa, wani lokacin ma a bayansa, fuskarka dab da tasa, yawunsa na zuba a hannunka kana gogewa. Sai aka ce a ba da tazarar mita biyu. A ina? Ranar 13 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko mai korona a Sudan, kuma lokacin ma ya riga ya rasu, cikin 'yan kwanaki aka rufe makarantu da filin jirgi da iyakoki, mu ma muka rufe ba tare da wani ya ce mana ba. Yaranmu da yawa ƙirjinsu ba ƙarfi, wasu ko ruwa suka sha sai ya sarƙe su, mura kaɗai tana kai su asibiti, ba wata muhawara aka yi ba. Mun ɗauka abin na wata ɗaya ne.

Ranar 18 ga Afrilu aka kulle jihar Khartum gaba ɗaya, an ce sati uku, aka yi ta ƙarawa har cikin Yuli. Aka rufe gadojin da suka haɗa Khartum da Umdurman da Bahri, aka hana tafiya tsakanin jihohi, aka hana jam'i a masallatai. 'Yan sa-kanmu galibi ɗaliban jami'a ne, tuni kowa ya koma garinsu. Gona ta rage daga Baba sai wani yaro ɗan ƙanwarsa.

Shi kuwa doki bai san kulle ba. Kullum sai ya ci abin da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato dokin da ya kai kilo 350 yana son busasshen abinci wajen kilo 7, ga ruwa, a zafin Afrilu da Mayu na Khartum da ke wuce digiri 40 doki ɗaya zai shanye lita 40 bai ƙoshi ba. Ciyawar barsim da ta abu sab'in da dusa duk da mota suke zuwa, mota kuwa tana layin mai tun kafin korona, injin da ke ja mana ruwa daga kogi shi ma jas, wato dizal, yake sha. Kofato na ci gaba da tsiro ko da kulle ko babu, duk sati shida zuwa takwas sai an gyara. Kuɗin shiga kuma ya tsaya cak, don mu a azumi muke tara mafi yawan abin da muke ci shekara, a bakin masallatai da wajen 'yan kasuwa, azumin 2020 kuwa ya shigo ƙarshen Afrilu kasuwa a rufe masallaci a rufe.

Akwai wani bawan Allah ɗan kasuwa da ya daɗe yana taimakonmu, na kira shi, ya ce min "Ustaza, mutane na kwana a layin burodi, ke kina min maganar cikin doki?" Wallahi ban ji haushinsa ba, abin da ya faɗa yana faruwa a ƙofar gidan kowa, ni ma ƙannena da asuba suke fita layin. Amma maganar ta tsaya min a rai saboda ita ce ainihin yadda ake kallon aikin nan, ana ganin wasa ne na masu hali, yaro ya hau doki a ɗau hoto. Alhali a ƙidayar 2008 kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar nan masu larura ne, Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙinsu tun 2009, an yi musu doka a 2017, amma je ki unguwar Mayo ko Umbadda ki tambayi uwar yaron da baya iya zama sau nawa mai gashin ƙashi ya taɓa jikin ɗanta a shekara. Ga wasu yaranmu rabin awar nan a bayan Kili ita ce kaɗai jinyar da suke samu. Kuma dokin da zai tsaya shiru yaro na ihu a kansa yana dukan wuyansa da ƙafa ba a kasuwa ake sayo shi ba, sai an fi shekara ana koya mishi, in na sayar yau don in huta da ciyarwa to ranar da aka buɗe gari ba ni da abin da zan ɗora yaran a kai. Na faɗa mishi haka, ya yi shiru, bayan sallah ya aiko da buhunan dusa. Allah ya saka mishi.

Sauran kuma dabara ce ta Baba. Kashin dawaki da muke ba maƙwabta kyauta muka fara sayar wa masu gasa jan bulo a bakin kogi da masu renon itatuwa. Danda muka ba wani manomi aro yana kai ganye kasuwa da safe a lokacin da aka yarda a fita, shi ke ciyar da shi, da sharaɗin ba bulala ba kaya mai nauyi. Sauran Baba ke fita da su kilisa ɗaya bayan ɗaya kafin rana ta yi, saboda dokin da ya daɗe a turke naman bayansa zubewa yake, halinsa ya canza, cikinsa ya ɗaure. Duk da haka mun rasa Gunya a cikin watan Mayu. Ciwon ciki ya kama ta da dare, likitan dabbobi yana ƙetaren gada ba hanyar zuwa, ta waya yake gaya wa Baba abin da zai yi, kafin gari ya waye ta tafi. Ita ce goɗiyar da muke fara ɗora duk sabon yaro a kai saboda faɗin bayanta da sanyin tafiyarta. Baba ya kira ni ya ce "'yata, Gunya ta riga mu", bai ƙara komai ba ya kashe wayar. Har yanzu ba mu samu madadinta ba.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne yaran a gida. Mun buɗe guruf muna tura bidiyon motsa jiki, sai muka ga rabin iyayen wayarsu ba ta buɗe bidiyo, masu babbar waya kuma ga tsadar data ga wuta da ake ɗaukewa awanni, sai muka koma saƙon murya da Hausa da Larabci da kira kai tsaye. Muka ce a naɗe katifa ko a kwantar da ganga a rufa mata bargo a ɗora yaro ƙafa nan ƙafa nan a riƙa jijjiga shi a hankali, a miƙar da jijiyar bayan ƙafa safe da yamma. Ya taimaka, amma ganga ba doki ba ce. Jikin yaro mai irin wannan larurar baya jira, ƙashi na tsawo jijiya ba ta binsa, in aka bar shi wata uku huɗu sai ki ga dunduniya ta ɗage gwiwa ta lanƙwashe. Akwai yarinyar da ta kai tana zama da kanta tana cin abinci da hannunta, da muka sake ganinta sai an tokare ta da filo. Ga maganin farfaɗiya da ya ɓace a kantunan magani a lokacin, asibitoci da yawa sun rufe ko sun rage aiki, yaran da suka shekara ba su faɗi ba ciwon ya dawo, wanda ke nufin ko an buɗe ba zan iya ɗora su ba sai ya lafa. Uwar wani yaro mai otizim ta ce min duk ranar da ya saba zuwa sai ya ɗauko takalminsa ya tsaya a bakin ƙofa, in ba a fita ba ya yi ta buga kansa a bango, ta rasa yadda za ta fahimtar da shi. Sai Baba ya riƙa ɗaukar mishi bidiyon Kili yana cin ciyawa da wayar ɗan ƙanwarsa, ina turawa maƙwabciyarsu tana kai mishi.

Da aka sassauta a Yuli mun fara shirin buɗewa, sai ruwa. A Satumba kogi ya haura mita 17 da rabi a Khartum, abin da ba a gani ba cikin shekara ɗari, gidaje sama da 100,000 suka lalace a ƙasar, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Filinmu ya zama tafki. Samarin unguwa suka yi mana gayya da buhunan yashi, muka kwashe dawaki zuwa tudu, ciyawar da muka tara rabi ta ruɓe. Bayan ruwa kuma sauro da ƙananan ƙwarin nan masu kawo wa dawaki cutar najma, wadda in ta kama doki da wuya ya tashi, sai hayaƙi da rufe barga tun kafin magariba. Kafin wannan ma an sanar a Agusta cewa shan inna ta sake ɓulla a Sudan, ni da nake ganin abin da take bari a jikin yaro ranar ban yi barci ba.

Ƙasa ta bushe wajen ƙarshen Oktoba, ga korona ta sake tasowa karo na biyu, a Nuwamba ma ta ɗauke Imam Sadik al-Mahdi, tsohon firaministan Sudan, mutumin da kowa ya san shi da son doki, Allah ya jiƙansa. Muna zaune da wasu iyaye a inuwa nesa-nesa ina musu bayanin cewa matsalata masu bin gefe ne, ba zan iya kawo baƙon saurayi da ya shigo motar haya ya manna fuskarsa da ta yaro ba, sai wata uwa ta ce "Ustaza, ni fa nake mishi wanka, ni nake goya shi, tare muke kwana, wace tazara ce tsakanina da shi? Ki koya min in riƙe shi da kaina." Shikenan. Maganar da ta buɗe mana ƙofa kenan.

Muka fara koya wa 'yan gida. Kowane yaro ya zo da mutum biyu daga gidansu, uwa da yaya, ko uba, ko goggo, mai jan ragama kaɗai ne namu kuma yana gaba da takunkumi, ni ina tsakiyar fili ina ba da umarni daga nesa. Ba abu ne mai sauƙi ba fa. Mata da yawa ba su taɓa matsawa kusa da doki ba, sai da muka yi zama da su ba yara, su taɓa wuyansa su ji numfashinsa, su koyi inda ake tsayawa da inda ba a bi ta baya, a ɗaure tob, mayafin matan Sudan, da kyau kar iska ta kaɗa shi a idon doki, a bar silifas a sa rufaffen takalmi. Su ma dawakin sai da aka saba musu da fuska mai takunkumi, yaran otizim kuwa wasu sun ƙi yarda da ni sam sai na tsaya can nesa na buɗe fuska sun gan ni tukuna. Linzamin fata muka ajiye don sinadarin wanki na cinye shi, muka koma igiyar roba da ake tsomawa a ruwan sabulu, hular kwano kowane yaro da tasa ko a wanke a shanya a rana kafin wani ya sa. Yaran da muke gani a yini sun ragu sosai saboda tazarar da muke bari tsakanin gida da gida.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne saki. Uwa ta saba tare ɗanta kafin ya karkata, hannunta na riga tunaninta, alhali duk amfanin abin shi ne ya ɗan karkata ya ji, jikinsa ya nemo tsakiya da kansa. Sai in yi ta cewa "Yaya sassauta, hannunki na kusa dai amma kar ki ɗauke mishi nauyin", wata har kuka ta yi ta ce ba za ta iya ba. Da ta iya kuwa, ta ji da tafin hannunta yadda bayan ɗanta ke ƙoƙarin miƙewa, sai ta koma gida ta canza yadda take zaunar da shi da yadda take goya shi ba tare da na ce mata komai ba. Wannan shi ne abin da shekarun baya ban samu ba, da iyaye na zaune can gefe mu muna aiki, in an gama in yi musu bayani da baki su ce to. Iyaye maza ma sun fara zuwa saboda ana buƙatar hannu na biyu, akwai wanda ban taɓa ganinsa ba sai lokacin, mai gyaran raksha ne, wato keke mai ƙafa uku na haya, ya zagaya fili da ɗansa ya dawo yana ce wa Baba "Baba ashe yaron nan yana jin magana haka?" Yanzu shi ke tuna wa matarsa ranar zuwa.

Sai dai akwai abin da aka rasa kuma ba zan ɓoye ba. Da, wannan rabin awar ita ce hutun uwa, ta zauna da 'yan uwanta mata a sha shayi a yi hira, wata ta gaya wa wata inda ake samun magani, wata ta yi kukanta a rarrashe ta. Matar da dare da rana tana ɗauke da yaro yanzu mun ƙara mata tafiya a rana a gefen doki. Shi ya sa da abubuwa suka lafa na dawo da 'yan sa-kai a gefe ɗaya, ɗan gida a ɗaya gefen, kuma uwa na iya cewa yau na gaji a karɓe ta. Amma komawa yadda muke da, iyaye na kallo daga nesa, wannan kam na bar shi.

Maganar kuɗi kuwa sai addu'a. Hauhawar farashi ta wuce kashi 200 a Satumban 2020, ta wuce 300 a Janairun 2021, a Fabrairu gwamnati ta sauke darajar jine, kuɗin Sudan, daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya. Kasafin da muka rubuta a farkon shekara kafin wata biyu ya zama takarda kawai. Yanzu duk abin da ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, ranar nake mai da shi dusa ko ciyawa, baya kwana, kuma masu tambaya me za su kawo ina ce musu buhu ya fi mana kuɗi. Rigakafin korona ya iso ta COVAX, shirin duniya na raba rigakafi, ranar 3 ga Maris 2021, Baba ya yi ta jin surutai a kansa, na ce "Baba in ka kwanta wa zai riƙe Akawal?", ya je aka yi mishi, kuma duk ɗan sa-kan da zai taɓa yaro a wurinmu ina roƙonsa ya yi.

A 2021 abin da ke hana yara zuwa ya fi ƙarfin korona, kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai gaba ɗaya a Yunin 2021, uwar da ke Umbadda sai ta shiga mota biyu uku da yaron da ya yi nauyin goyo, ga mutum na biyu da muka ce ta zo da shi, kuɗin zuwa da komawa ya kai na cefanen yini. Mun haɗa gidajen da ke kusa da juna suna ɗaukar mota ɗaya muna biyan rabi in akwai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaranmu na da ba su dawo ba, wasu sun koma Sinnar da Madani wajen dangi lokacin kulle, wasu lambarsu ba ta shiga, biyu an gaya min sun rasu, Allah ya sa masu ceto ne. Ranar Juma'a bayan la'asar nake bin gidajen da na sani ɗaya bayan ɗaya. In kina Mayo ko Haj Yusuf ko Umbadda kuma kin san wata da take kawo ɗanta wurinmu da, dan Allah ki gaya mata mun buɗe, ta zo ko ba ta da mutum na biyu, za mu samo mata.